Tsohon Da Ba Ka San Sunansa Ba Ya Fi Jarumin Naka Iya Wasa

Mai karatu, idan ka kalli fim ɗin 'The Avengers' na shekarar 2012, wanda ya tara wa masu shi fiye da dala biliyan ɗaya da rabi, to ka taɓa ganin mutumin da zan yi magana a kansa, sai dai na tabbata ba ka tsaya tambayar sunansa ba. Ka tuna wurin da ƙaton nan kore, Hulk, ya faɗo daga sama ya ɓarke rufin wani kangon sito, sannan ya farfaɗo ya koma mutum a cikin ɓaraguzai, ba ko sutura? Akwai wani tsohon maigadi, ramamme, kumatu duk sun zurma, da ya tsaya a kansa ya jefa masa wando, ya yi masa tambaya biyu zuwa uku cikin natsuwa, kai ka ce kullum yana ganin mutane suna faɗowa daga sama. Gajeriyar fitowa ce, kafin ka gyara zama ta wuce. Wannan tsoho shi ne Harry Dean Stanton, lokacin yana da shekara 85 a duniya.

Abin da ya sa na ɗauko zancensa, musu ne ya haɗa ni da wani abokina, mayen kallon finafinan Amurka. Na ce masa Stanton yana cikin 'yan wasan da suka fi kowa iyawa a tarihin fim ɗin ƙasar. Sai ya kwashe da dariya, ya ce, "Haba malam! Mutum ya shekara sittin yana fim, har ya mutu ba a san shi ba, ai wannan asara ce. Ɗan rakiya ne kawai." Ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Wataƙila kai ma mai karatu haka kake gani. To ni na ce wannan magana kuskure ce, kuma kuskuren ba a kan Stanton kaɗai ya tsaya ba, ya shafi yadda muke kallon fim baki ɗaya.

Bari mu fara da abin da abokin nawa ya faɗa daidai, don ba a hana mai gaskiya gaskiyarsa. Lallai Stanton ya daɗe a gefe. An haife shi ran 14 ga Yuli, 1926, a wani ɗan ƙauye mai suna West Irvine a jihar Kentucky. Ubansa manomin taba ne, kuma wanzami. Ya yi sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya yi aikin kuku a wani jirgin ruwa lokacin gumurzun Okinawa a 1945. Da ya dawo ya shiga Jami'ar Kentucky, bai ƙarasa ba ya tafi Kalifoniya koyon wasan kwaikwayo a makarantar Pasadena Playhouse. Ya fara fitowa a talbijin a 1954. Daga nan sai aka shiga ba shi rol ɗin ɓarawon shanu, ɗan fashi, fursuna, ɗan iskan gari, irin waɗanda jarumi ke harbewa kafin a je rabin fim. Ya fito a shirye-shiryen kaboyi irin su 'Gunsmoke' da 'Rawhide' ba sau ɗaya ba. Sunan nasa ma guntulewa aka yi, ana rubuta Dean Stanton, saboda akwai wani ɗan wasan mai suna Harry Stanton. A 'Cool Hand Luke' na 1967 yana cikin tarin fursunonin da ke bayan Paul Newman, yana kaɗa jita yana waƙa. A kashi na biyu na 'The Godfather' a 1974, jami'in tsaro ne mai gadin shaida. Shekara talatin cur ya yi a haka. Duk wannan gaskiya ne.

Inda muka rabu da abokina shi ne fassarar wannan shekara talatin. Shi yana ganin hujja ce cewa mutumin bai isa ba. Ni kuwa ina ganin hujja ce cewa manyan kamfanonin Hollywood makafi ne, ko kuma suna gani sarai amma lissafinsu bai ba su damar gaskata idonsu ba.

Ka san me ake nufi da jarumi a wurin kamfani irin Warner ko Paramount ko Universal? Ba wanda ya fi iya wasa ba ne. Jarumi shi ne wanda fuskarsa za ta iya tsaya wa jarin da aka zuba, wanda in aka manna shi a fosta mutane za su yi layi a sinima tun ba su san labarin ba. Wato jingina ce, kamar yadda za ka kai takardar fili banki. Shi kuwa Stanton ba shi da irin wannan fuskar. Tun yana matashi kama yake da wanda ya kwana uku bai yi barci ba. Don haka aka ajiye shi a layin waɗanda Amurkawa ke kira da sunan da za a iya fassarawa da 'yan wasan hali: ba a ɗauko su don kyau ko suna ba, sai don su zama mutanen da ke cika duniyar fim, makanike, direba, uban yarinya, maƙwabci. Kuma a nan ne abin yake. Jarumi yana fitowa ne a matsayin kansa, sunan kawai ake sauyawa daga fim zuwa fim. Ɗan wasan hali kuwa dole ya sa ka yarda cewa wannan makaniken yana da gida, yana da bashi, yana da ciwon baya, alhali minti huɗu kacal aka ba shi. Wanne ya fi wuya?

Ɗauki 'Alien' na darakta Ridley Scott, 1979. Labarin jirgin sama-jannati ne da wata muguwar halitta. Stanton ya fito a matsayin Brett, lebura a ɗakin inji, sanye da hular hana-salla da wata riga mai zanen furanni. Shi da abokin aikinsa, wanda Yaphet Kotto ya fito a matsayinsa, ba su da zance sai ƙorafin alawus: me ya sa na sama za su samu kaso mai tsoka, su da ke wahala a ƙasa a ba su ragowa? Kusan duk abin da aka ce, amsa ɗaya Brett yake bayarwa, ta amincewa, ba tare da ya ɗago kai ba. Sai aka aike shi neman kyanwar jirgin. Ya shiga wani ɗaki mai sarƙoƙi suna reto, ruwa yana ɗiga daga sama, ya cire hula ya ɗaga fuska ruwan ya sauka a kanta, irin na mutumin da ya gaji da aiki ya samu sararin daƙiƙa goma. Daga nan halittar ta sauko ta bayansa. To ka sani, ba dodon ne ya sa tsigar jikinka ta tashi ba. Dodo ai roba ce da wani dogon mutum a ciki. Abin da ya tsorata ka shi ne ka riga ka yarda Brett mutum ne, ka san irinsa a garejin unguwarku. Wannan yardar wa ya gina ta? Ɗan rakiyar nan da ake rainawa.

Shi kansa ya sha ba da labarin inda ya samo dabarar. Jack Nicholson, wanda amininsa ne tun ba su da ko sisi, ya rubuta wani ƙaramin fim na kaboyi, 'Ride in the Whirlwind', wanda Monte Hellman ya ba da umarni, ya fito a 1966. Ya ba Stanton rol ɗin shugaban 'yan fashi, ya kuma shawarce shi da kada ya yi wani ƙoƙarin nuna mugunta, ya bar kayan da ke jikinsa su yi aikin, shi dai ya zama kansa. Wannan shawara ita ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Na san abin da za ka ce: to in mutum bai yi komai ba, ina iyawar? Je ka gwada tsayuwa gaban kyamara na minti ɗaya ba ka yi komai ba, ka ga yadda hannunka zai rasa wurin zama.

Sai shekarar 1984, wadda ita ce amsar duk mai cewa bai isa ba. Kuma ka lura da waɗanda suka ba da amsar: ba manyan Hollywood ba ne. Wani matashin darakta ɗan Ingila, Alex Cox, ya sa shi a 'Repo Man' a matsayin Bud, tsohon hannu a sana'ar ƙwace motocin waɗanda suka kasa biyan bashi. Sannan wani Bajamushe, Wim Wenders, da kuɗin Jamus da Faransa, ya ɗora masa fim sukutum a kai, wato 'Paris, Texas'. Marubucin labarin, Sam Shepard, ya haɗu da Stanton a jihar New Mexico, suka yi hira, Stanton ya koka masa cewa ya gaji da rol ɗin 'yan iska, yana son wani abu mai taushi. Ba a daɗe ba aka kira shi. Yana gab da cika shekara 58 fim ɗin ya fito. Wannan shi ne abin da ake kira fim mai zaman kansa: kuɗi kaɗan, ba wani kwamitin kamfani da zai ce wa darakta wannan fuskar ba za ta sayu ba.

Idan ba ka kalli 'Paris, Texas' ba, to ka yi wa kanka adalci kafin ka sake yanke hukunci. Fim ɗin ya buɗe da wani mutum, Travis, yana fitowa daga hamada da jar hula da kwat mai ƙura, yana tafiya kamar wanda ba ya da niyyar tsayawa. Shekara huɗu ke nan da ɓacewarsa. Ƙanensa ya zo ya ɗauke shi, amma kusan rabin awa na farkon fim ɗin Travis bai ce uffan ba. Ka ji fa, jarumin fim, kusan rabin awa ba magana, ba faɗa, ba gudu da mota, kuma ba za ka iya ɗauke ido daga kansa ba. Da ya buɗe baki, sunan Paris ya ambata, ba ta Faransa ba, wani ɗan gari ne a Texas inda ya taɓa sayen fili. A hankali ya saba da ɗansa da ya bari yana ƙarami, suka tafi birnin Houston neman uwar yaron, Jane, wadda Nastassja Kinski ta fito a matsayinta. Ya same ta tana aiki a wani gida inda maza ke biyan kuɗi su yi magana da mata ta tarho, da gilashi a tsakani, shi yana ganinta, ita ba ta ganinsa. Sai ya juya wa gilashin baya, ya shiga ba ta labarin wasu mutum biyu da suka so juna, yadda kishi da shaye-shaye suka mayar da mijin azzalumi, har ya kai ga ɗaura mata ƙararrawa a ƙafa don kada ta gudu da dare. Murya ƙasa-ƙasa, ba kuka, ba ihu. Kana kallon fuskar Jane lokacin da ta gane mai maganar. Masu karatun littattafan soyayya, ku da kuka san zafin labarin auren da ya mutu, ku faɗa mini tsakani da Allah: jarumai nawa kuka sani da za su iya riƙe wannan fitowa suna zaune sun juya baya?

Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1984. To a gida Amurka fa? Masu kyautar Oscar ko sunansa ba su saka a takara ba, ba fim ɗin ba, ba Stanton ba. Ba ina ƙyashin F. Murray Abraham da ya ci ta gwarzon ɗan wasa a wannan zagayen da fim ɗin 'Amadeus' ba ne, ya cancanta, kuma shi ma asalinsa ɗan gefe ne. Magana ita ce, a cikin shekara 63 na aiki da fiye da fim 100, ko sau ɗaya ba a taɓa saka Stanton a takarar Oscar ba. Abokina ya ce wannan ma hujjarsa ce. Ni kuwa na ce in ma'auni ya auna zinariya ya ce tagulla ce, ma'aunin ake kaiwa gyara. Kyautar Oscar ba alƙalanci ne daga sama ba. 'Yan sana'ar ne ke jefa ƙuri'a, kamfanoni kuma suna kashe maƙudan kuɗi wajen kamfe, talla a jaridu, liyafa, yawon gaisuwa, kamar dai zaɓen siyasa. Ƙaramin fim da kuɗinsa ya ƙare a lokeshin, da me zai yi kamfe?

Yanzu kuma bari in juyo kan ɗaya ɓangaren, don su ma suna ba ni haushi. Akwai masu ji da kansu a ilimin fim da suke mayar da irin su Stanton waliyyai, wai sun ƙi Hollywood, sun zaɓi talauci saboda fasaha. Wannan ma tatsuniya ce. Stanton ɗan sana'a ne, inda aka kira shi zuwa yake yi. 'Alien' fim ɗin babban kamfani ne. Ya fito a 'Red Dawn', ya fito a matsayin uban da ba ya da aikin yi a 'Pretty in Pink' na 1986, ya fito a 'The Green Mile' na 1999 tare da Tom Hanks, ya yi shekaru a shirin 'Big Love' na tashar HBO wanda aka fara a 2006. Ya kuma yi finafinan da ba su da kan gado, waɗanda kallonsu ɓata lokaci ne. Fim mai zaman kansa ma ba duka ne na kirki ba, da yawa shirme ne mai arha. Haka kuma ba na ce ka ɗauki rayuwarsa abin koyi ba: bai taɓa aure ba, taba ba ta barin bakinsa, ra'ayinsa kan addini kuwa ya yi hannun riga da namu. Ba tarbiyya na zo karɓa a wurinsa ba. Iyawa ake magana, kuma abin da na ce shi ne, manyan finafinai sun ciyar da shi, amma ƙanana ne suka nuna ko shi wane ne.

Shahararren mai sharhin finafinan nan, marigayi Roger Ebert, ya taɓa kafa wata doka cikin raha, cewa duk fim ɗin da Harry Dean Stanton ko M. Emmet Walsh ya fito a ciki a matsayin mataimaki, ba zai lalace gaba ɗaya ba. Shi Walsh ɗin ma labarinsu ɗaya. Ya daɗe yana ƙananan fitowa, sai wasu 'yan'uwa biyu da ba a san su ba a lokacin, Joel da Ethan Coen, suka ba shi rol ɗin mugun ɗan bincike a fim ɗinsu na farko, 'Blood Simple', shi ma a 1984. Da shi ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a karon farko da aka raba kyaututtukan Independent Spirit na finafinai masu zaman kansu. Ya mutu a Maris ɗin 2024 yana da shekara 88, shi ma Oscar ba ta taɓa waiwayarsa ba. Ka ga ke nan ba tsautsayin mutum ɗaya ba ne, tsari ne.

Kuma kada ka ce wannan matsalar Amurkawa ce, ina ruwanmu. Tsarin nan da mu yake aiki, mu 'yan kallo. Mu ne ke tambayar "wa ya ja fim ɗin?" kafin mu tambayi labarin mene ne. Mu ne ke tashi da zarar an fara jero sunaye a ƙarshe. Abin mamaki kuma, zuciyarmu ta fi bakinmu sanin gaskiya: tambayi duk wanda ya kalli 'Sholay' abin da ya fi tunawa, zai ce maka Gabbar, wato Amjad Khan, wanda ba shi ne jarumin ba. Finafinanmu na Hausa kuwa, in ka duba da kyau, kusan dukkansu masu zaman kansu ne, ba wani ƙaton kamfani da ya ɗaure furodusa. 'Yancin da Wenders ya samu na ɗora fim a kan tsoho ramamme, furodusanmu yana da shi a aljihu. Amma sau nawa ka ga an ɗauko dattijon nan da kullum yake fitowa uban yarinya, ya yi faɗa a zaure ya koma ciki, an ce yau labarin nasa ne? Furodusa zai ce kasuwa ba za ta karɓa ba. Kasuwar wace ce in ba ni da kai ba?

Na yarda, suna yana sayar da fim, kuma wanda ya zuba kuɗinsa yana da haƙƙin neman riba. Ban ce a kori jarumai ba. Na ce ne a daina haɗa farashi da daraja, a daina kiran wanda ya riƙe fim da kafaɗarsa ɗan rakiya.

Rol na biyu da za a iya cewa an ɗora masa fim shi kaɗai bai zo ba sai yana da shekara 90. Shi ne 'Lucky' na 2017, kuma ka ji wanda ya ba da umarni: John Carroll Lynch, shi ma ɗan wasan hali ne, wanda ya fito mijin 'yar sandan nan a 'Fargo'. Nasa ne ya san nasa. An rubuta labarin ne don Stanton, aka cusa guntayen rayuwarsa a ciki, Kentucky, sojan ruwa, aikin kuku. Tsoho ne a wani garin hamada, yana motsa jiki da safe, ya sha kofi, ya taka zuwa kanti, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a kicin, likita ya ce masa ba wata cuta, tsufa ne kawai. Stanton ya mutu a Los Angeles ran 15 ga Satumba, 2017, yana da shekara 91. Mako biyu bayan nan aka saki fim ɗin a sinima.

Amma in kana son gwaji mafi sauƙi, wanda na ba abokina, nemi 'The Straight Story' na David Lynch, 1999. Labarin gaske ne na wani tsoho, Alvin Straight, mai shekara 73, da ya ji ɗan'uwansa, wanda a fim ɗin ake kira Lyle, ya samu shanyewar jiki. Shekara goma ba sa ga maciji da juna. Ba shi da lasin tuƙi saboda ido ya yi rauni, sai ya hau injin yankan ciyawa ya ja mil 240 daga jihar Iowa zuwa Wisconsin, tafiyar mako shida. Richard Farnsworth ne Alvin, kuma an saka shi a takarar Oscar a kan wannan rol. Kusan awa biyu kana jin sunan Lyle ba ka gan shi ba. Duk nauyin fim ɗin yana rataye a kan fuskar da za ta fito daga wancan ruɓaɓɓen gidan katako a ƙarshe. Da ta gaza, tafiyar duka ta zama banza. Sai Stanton ya fito yana dogara ƙarfen tafiya. Suka zauna a baranda. Ya dubi ɗan'uwansa, ya dubi injin yankan ciyawar da ke tsaye a tsakar gida, ya tambaye shi ko a kan wannan abin ya taho tun daga can don ya gan shi. Alvin ya ce e. Lyle bai ƙara cewa komai ba, idonsa ya ciko, leɓensa ya motsa, ya ɗaga kai sama.

Abokin nawa ya kalla. Har yanzu yana nan kan bakansa cewa jarumi jarumi ne. Amma ya mayar da wurin baya sau uku.